Gwangwanin Faci

A cikin tayar tirela na same shi,
da asuba, bakin rumfata a Ƙofar Ƙaura,
ya naɗe kamar tabarmar da aka manta,
takalmi a ƙafa, hannu a aljihu
yana gadin kuɗin da ba su kai na shayi ba.

Na ce, tashi, tayar nan da mai ita.
Ya ce, ai ban cinye ta ba, Baba, aro na yi.

Sallau sunansa. Garinsu can bayan Batsari,
inda masallaci ke tsaye, ba sauran mai kiran salla.
Ban tambaye shi yadda aka yi ba.
Wanda wuta ta kora, ba a tambayarsa launin hayaƙi.

Yatsunsa na wari,
warin da na sani fiye da na ɗakina:
sholisho, wanda nake liƙe taya da shi,
shi yake shaƙa don ya liƙe dare da safiya.

Maƙwabta suka ce, Ilu, kai da hankalinka,
wa ke ba kura ajiyar nama?
Na ce, na ji. Na miƙa masa bokitin ruwa.
Tsoma robar, ka duba inda kumfa ke tashi.
Iska ba ta ƙarya, yaro,
inda ta tsere, nan ciwon yake.

Sati uku, ya gudu da gejina.
Iya Tabawa mai ɗanwake har da tafa hannu.
Rana ta tara ya dawo, ba geji, sai zazzaɓi,
ya tsaya can jikin turken lantarki yana rawar ɗari.
Wallahi na tanadi zagi tun ranar da ya tafi,
na jera shi, na wasa shi.
Da na buɗe baki sai na ji na ce,
ka ci abinci?

Kuɗin geji ya biya su, hamsin-hamsin,
ban yafe ko sisi ba, shi ma bai roƙa ba.
Iya Tabawar nan da ta yi dariya
ita ta riƙe masa asusu a ƙarƙashin gadonta,
tana masifa, tana ƙara masa yaji da mai.

Wata goma sha ɗaya aka fasa.
Ɗaki ɗaya a Sabuwar Unguwa, ƙofar langa-langa.
Daren farko bai kwana ciki ba,
ya ce shirun ya yi masa yawa,
ya kwanta a bakin ƙofa, makulli rataye a wuya.
Sai a dare na goma ya cire takalmi.
Ya zo ya faɗa mini da safe
kamar mai kawo albishir ɗin haihuwa.

Ranar da aka yi mini rasuwa a Mashi
na ɗauki gwangwanin, na sa a tafinsa.
Ya dube shi, ya dube ni, maƙogwaronsa ya motsa.
Kwana biyu ina zaman makoki, rabin zuciyata na rumfa.
Da na dawo na auna shi a hannu:
ya ragu da faci huɗu.
Na duba littafi. Huɗu.

Ba zan ce ya warke ba.
In babura suka taho a jere, har yau yakan daskare.
Amma yana da rumfarsa a hanyar Jibiya,
da injin iska mai tarin tsofaffi,
da gejin da ya saya, ya ɗaure da igiya a ƙugu.

Jiya na wuce da sassafe.
Wata ƙafa ta leƙo daga cikin taya,
Sallau na tsaye a kanta da kofin shayi biyu,
ya rasa ta inda zai fara.
Ban tsaya ba. Ina da faci na jira.